Kada Mu Bari Tsofaffin Karaban Na Faiba Su Ƙare A Bakin Zarto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani aikin hannu da ya ci mini kusan shekara guda, wato gyaran wani tsohon ɗakin kwana na faiba (haɗin zaren gilashi) irin wanda ake ja da mota. Masu jin Faransanci a nan Garwa karaban suke ce masa, kuma da wannan suna zan kira shi, domin idan na ce tirela hankalin mai karatu zai tafi kan manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, alhali kuwa abin da nake nufi tsawonsa bai wuce mita 4 ba, har mutum biyu suna iya tura shi a tsakar gida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a watan jiya na tarar an sa wa wani irinsa zarto a bayan wani garaji, an raba shi biyu, rabi ya zama rumfar awaki, ɗaya rabin kuma an kife shi a bola. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na duba ɓangaren da aka yar da idona, kuma ban ga wata illa a jikinsa da ta fi ƙarfin gyara ba. Irin waɗannan ɗakuna ba su da yawa a arewacin Kamaru. Baƙi ne suka shigo da su a zamanin da masu yawon buɗe ido da mafarauta ke zirga-zirga tsakanin gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida da Waza, kuma tun bayan sace wani iyali na Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013 ƙafar baƙi ta ɗauke sosai. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage a bayan gidaje da garaji-garaji, idan aka farfasa su, da wuya wasu su sake zuwa.

Ni manomi ne, ina da gonar masara da gyaɗa a wajen Ngong, kuma duk kaka nakan yi makonni ina kwana a bukka, sauro a sama, kunama a ƙasa. Nawa karaban ɗin a gindin wata darbejiya na same shi, tayoyinsa sun nutse cikin ƙasa, jikinsa ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa alli, kaji kuma sun mayar da cikinsa wurin ƙwai. Duk wanda na nemi shawararsa ya ce asarar kuɗi ce. Amma da na ƙwanƙwasa bangon da bayan cokali na ji ƙararsa tsaf, babu inda ya yi lukui, sai na biya na sa aka ɗora shi a mota aka kai mini gida.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa wannan ƙira take da tsawon rai. Faiba siraran zaren gilashi ne da ake jiƙawa da wani ruwa mai kauri da ake kira rezin, wanda idan ya daskare sai su haɗe su zama abu guda mai ƙarfi marar nauyi, wanda ba ya tsatsa, gara kuma ba ta cin sa. A shekarar 1968 wani mutum mai suna Ray Olecko ya fara ƙera ƙaramin karaban mai siffar ƙwai a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, ya sa masa suna Boler, kuma har yau wani kamfani a jihar Minnesota ta Amurka yana ƙera ɗan'uwansa mai suna Scamp. Hikimar ita ce jikin gaba ɗaya ɓari biyu ne kawai, na sama da na ƙasa, aka kifa su kamar ƙwarya a kan ƙwarya aka haɗe su a tsakiya. Akasarin sauran karaban kuwa katako ne aka lulluɓe da farantan alminiyom, kuma da zarar ruwa ya sami kafa ya shiga, sai katakon ya ruɓe daga ciki ba tare da kowa ya sani ba.

To, a nan ne mafi yawan masu fara wannan aiki suke kuskure, domin ido yana son abin da zai gani ya yaba, sai mutum ya fara da fenti da labule. Jikin faiba yana iya jira. Abin da ba ya jira shi ne ƙarfen shasi da ke ƙarƙashi da kuma daɓen katakon da ke bisansa. Ni da ɗana muka kwance duk abin da ke ciki, muka cire notunan da ke riƙe da jikin, maƙwabta shida suka taimaka muka ɗaga shi muka ɗora a kan ganguna, sannan muka ja shasin waje. Da na sa guduma a wurin da dogon ƙarfen ja yake shiga ƙarƙashin ɗakin, sai tsatsa ta zubo ɓawo-ɓawo, har yatsana ya ratsa ƙarfen. Da a ce na ja shi haka a kan titin Garwa zuwa Ngong, inda manyan motocin auduga ke wucewa, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru. Wannan ɓangare ban taɓa shi da hannuna ba, na kai wa mai walda gwani ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabo mai kauri, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka, domin aikin da rayukan mutane ke rataye a kansa ba wurin koyo ba ne. Bakanike ya canja boris na ƙafafun ya cika su da giris. Tayoyin ma sababbi na sa, ko da yake zanensu bai cinye ba, domin roba tana tsufa ko ba a taka ta ba; a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Daɓen kuwa gara ta riga ta gama da shi, sai na yanka sabon filawud na shafe shi da rezin sama da ƙasa da gefe-gefe kafin in shimfiɗa.

Aikin faiba kansa shi ne ya fi koya mini darasi, kuma darasin bai zo da sauƙi ba. Rezin ba ya daskarewa sai an ɗiga masa wani sinadari da ake kira MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo guda. Takardun da ke bayanin wannan aiki an rubuta su ne don ƙasashen da zafinsu bai cika wuce digiri 25 ba, inda mutum ke samun kusan minti 15 ko 20 yana shafawa kafin haɗin ya kama. Mu kuwa a Garwa cikin watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Ranar farko na haɗa rabin gwangwani da azahar, na zuba sinadarin da ido ba tare da awo ba, kuma kafin in gama jera zaren a kan ramin, sai na ji gwangwanin ya ɗauki zafi a hannuna, haɗin ya koma kamar kamu, ya fara hayaƙi, buroshin ya maƙale a ciki har abada. Tun daga ranar ba na haɗa fiye da abin da zai cika ƙaramin kofin shayi, ina auna sinadarin da sirinji, ina tsayawa a kan kashi 1, kuma ina fara aiki da zarar na dawo daga sallar asuba, in ajiye kafin rana ta ɗaga. Lokacin hunturu ma yana da tasa matsalar, domin ƙura tana sauka a kan ɗanyen rezin ta manne, don haka nakan yayyafa ruwa a ƙasa in kewaye wurin da tabarmi.

Yadda ake toshe rami ko tsaga kuwa, ba a liƙa faci a kan santsi. Sai an goge wurin da samfefa har zaren ya bayyana, a fiƙe bakin ramin ya kwanta a hankali, faɗin fiƙar ya kai kamar sau 12 na kaurin bangon, a share da aseton, wato wani ruwan sinadari mai wanke maiƙo da datti, sannan a jera yankan zare shimfiɗa bisa shimfiɗa, ana danna kowace da buroshi har farinta ya ɓace ta zama garai-garai. Duk inda fari ya rage, iska ce ta maƙale a ciki, kuma nan ne zai fara ɓallewa. Farar hodar da na ambata a jikin ɗakin kuwa, fatar waje ce da ake kira jelkot wadda rana ta ƙona, sai na goge ta na bi da farin fenti, domin fari ya fi kore zafi.

Akwai maganar lafiya, kuma ina so a ji ta da kyau, domin na ga samari suna gurzar faiba da inji babu komai a fuskarsu. Ƙurar da ke tashi garin gilashi ce da rezin, tana sa jiki ƙaiƙayi na kwanaki, tana kuma shiga ƙirji. Ƙyallen da muke ɗaurawa a hanci lokacin hunturu bai wadatar ba, sai takunkumi na gaske da tabarau da safar hannu da riga mai dogon hannu. Warin rezin yana sa jiri da ciwon kai, don haka a sarari ake aikin. Ɗigon MEKP guda yana iya lalata ido, aseton kuma yana kama wuta nan take, saboda haka na haramta wa kowa hura gawayin shayi kusa da wurin, na kuma kulle kwalaben inda hannun yara ba ya kaiwa.

Da damina ta sauka a watan Yuni na gane cewa ruwa ba ta bango yake shiga ba, ta gefen tagogi ne da kuma ƙananan ramukan ƙusoshin ribit da aka kafe akwatunan ciki da su. Wani da ya riga ni ya bi su duka da silikon, wanda ya ɓanɓare daga baya ya bar maiƙon da ba abin da ke kamawa a kansa, kuma kankare shi ya ci mini mako biyu. Na cire kowace taga na mayar da ita a kan sabuwar roba mai danƙo, na toshe ramukan da ba na bukata da faiba. Cikin ɗakin bai ba ni wahala ba: gado guda, akwatin kaya, ragar sauro a tagogi, farantin sola a rufi da batir mai bolt 12 da ke riƙe fitila biyu da fanka da cajin waya. Tsohon murhun gas da na tarar a ciki na cire shi gaba ɗaya, domin tiyonsa ya tsattsage, kuma wuta a ƙaramin ɗaki rufaffe tana haifar da iskar da ba ta da wari amma tana kashe mai barci. A waje muke girki.

Ya Edita, ba don masu karaban kaɗai na rubuta wannan wasiƙa ba, tunda mu 'yan kaɗan ne. Hannun da ya iya wannan faci shi ne zai gyara fasasshen tankin ruwa na faiba, da murfin injin babbar mota, da kujerun zaman jira, da jirgin ruwa na faiba, sai dai mai koyo ya san cewa tankunan roba da suka cika kasuwa rezin ba ya kama su, kuma ana gane faiba ne idan an kankare aka ga zare. A Garwa masu walda da kafintoci da bakanikai ba su ƙirguwa, amma na sha yawo kafin in sami wanda zai nuna mini ko da yadda ake riƙe buroshin wannan aiki. Ina kira ga cibiyoyin koyar da sana'a na Garwa da Marwa da Ngaundere su buɗe wa matasa wannan fanni, kayan kariya su zama darasin farko. Ina kuma roƙon 'yan kasuwar da ke kawo rezin daga Duwala su riƙa sayar da shi a ƙananan gwangwanaye masu kwanan wata, su adana shi a inuwa, domin a zafinmu watanni kaɗan yake yi ya lalace, kuma ni ma an taɓa sayar mini da wanda ya riga ya yi gudaji.

A kakar bana na ja ɗakin zuwa gona na kafa shi a gindin tsamiya, na kwana ashirin da uku a ciki har muka gama casar gyaɗa, kuma ruwan ƙarshe da ya sauka da dare ko ɗigo bai taɓa shimfiɗata ba. Idan akwai mai irin wannan ɗaki a bayan gidansa yana shirin kiran mai zarto, ina roƙon ya dakata ya aiko da saƙo ta hannun wannan jarida, zan je in duba masa shasin da daɓen kyauta, in kuma nuna wa yaransa yadda ake auna rezin.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
daga Garwa, arewacin Kamaru.