Sanarwa ga ƴan rukunin layinmu na Kantin Kwari

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne.

Akwai abin da ke damuna game da zamanmu a layin nan. Ciniki ya koma kamar kokawa. Mai saye yana tsaye a shagon maƙwabci, wani ya yafito shi ya karya farashi, wai don kada a riga shi. Ribar da za a samu a turmin atamfa ɗaya ba ta kai a ɓata zumuncin shekara da shekaru ba, wallahi.

Dattawan da ke cikinmu sun san yadda ake yi a da. Idan ba ka da kalar shadda, ka ɗauko a wurin na kusa da kai, da yamma ku yi lissafi. Lokacin sallah ya yi, ka bar masa shago a buɗe. Kuma duk mun ga ambaliyar 2022, da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa kaya na maƙudan kuɗi. Ranar babu wanda ya tambayi jarin wani, kowa ya naɗe wando aka kwashe diloli tare.

Yanzu kuwa akwai ɗan'uwanmu da ke kwance a Asibitin Murtala, shagonsa a rufe, da yawanmu ba su ma lura ba, alhali hotunan sababbin motoci sun cika rukunin nan.

Don Allah mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a masallacin layi, mu farfaɗo da asusun taimakon juna. Daga nan sai mu wuce mu dubo shi. Kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa.