Rahoton Ayyukan Shekara: Aikinmu kan Koyar da Jigo a Ƙananan Sakandare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa malaman Hausa maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekarar karatu. Kamar yadda aka saba, ga bayanin abin da aka yi, da kuma wanda aka so yi bai yiwu ba.

Za ku tuna a babban taronmu na bara an tsayar da shawara cewa bana kada mu raba hankali, mu tsaya kan abu guda, wato yadda yaran aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare za su iya gano jigon labari, babban saƙon da aka gina shi a kai, da kansu. Kukan waɗanda suka duba takardun jarrabawa ne ya jawo haka. Ko wane littafi aka yi tambaya a kai, amsar jigo ɗaya ce: haƙuri. Yaron da ke son ya burge malami sai ya ƙara da "tarbiyya". Wani daga cikinmu ya ce ko rasit ɗin kuɗin makaranta ka ba su, jigonsa haƙuri ne. Aka yi dariya, wani kuma ya ce ai a nan kam sun yi gaskiya.

A zango na farko mun fara da kanmu. An yi bitar yini guda, aka raba wa malamai gajeren labari ɗaya, aka ce kowa ya rubuta jigonsa a takarda ba tare da sa suna ba. Gara da ba a sa sunan ba. Wasu sun taƙaita labarin tun daga farko har ƙarshe, wasu sun rubuta darasin da ke ciki da "ya kamata mu riƙa", wasu kuma taken labarin suka kwafe. Abin da muke ja wa yara jan biro a kai, shi muka aikata. Daga nan bakin kowa ya yi sanyi, aka yarda cewa laifin ya faro ne daga allo. Mu ne ke rubuta "jigon wannan littafi shi ne kaza", yaro ya kwafa, ya haddace, ya zube mana ranar jarrabawa, alhali ko bangon littafin bai taɓa gani ba.

An daɗe ana ja-in-ja kan kalmomin da muka taho da su daga kwalejin ilimi: furucin jigo, jigo a gajarce, warwarar jigo. Waɗannan daga hanyar nazarin rubutacciyar waƙa ta Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo yawancinmu muka san su, kuma a waƙa suna zama daram, domin sau da yawa marubucin waƙa kan faɗi inda ya dosa tun a baitocin farko. Mai ƙagaggen labari ba kasafai yake yin wannan karamci ba. In ka tura yaron aji ɗaya neman furucin jigo a labari, layin farko da ya yi kama da wa'azi zai damƙo. Don haka aka amince a ajiye kalmomin sai aji uku. Kafin nan tambayoyi masu sauƙi sun wadatar: me tauraron labarin ke nema, me ya tare masa hanya, wane abu ne ke ta dawowa a bakin mutanen labarin ko a aikinsu. Sai doka guda da muka ɗora wa kowane aji: duk wanda ya ba da amsa, a tambaye shi, "A ina ka gani?"

Ita kanta kalmar jigo ta ba mu aiki. Yawancin yaran birni jigon jam'iyya kaɗai suka sani, daga rediyo. Wani malaminmu da ya tashi a fadama ya zana musu jigon ban ruwa a allo, itacen nan mai guga a gefe ɗaya da nauyi a ɗaya gefen, wanda injin ban ruwa ya kusa shafe tarihinsa. Ya ce musu a cire itacen nan, guga da igiya suna nan amma ruwa ba zai kai lambu ba. Tun daga ranar ajinsa ke gwada amsa da tambayar, "In an cire wannan, labarin zai tsaya?" Na ga wannan dabara ta fi duk takardun da muka raba a bita amfani, har da wadda ni na rubuta.

Zango na biyu na ziyarar azuzuwa ne, malami ya je ya zauna a bencin baya ya kalli ɗan'uwansa yana koyarwa. Wasu sun noƙe da farko, suna ganin kamar sufeto aka turo musu. Da aka ga babu fom, babu maki, sai aka saki jiki.

Akwai darasi ɗaya da nake so in tsaya a kansa. Ajin 'yan mata ne, aji biyu, da safiyar hunturu, an rufe tagogi da kwali, littafi ɗaya na yawo tsakanin 'yan benci guda. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa suke karantawa, sun kai ƙarshe. Malama ta tambayi jigo. Hannuwa suka tashi, aka ce bauta, aka ce neman ilimi, aka ce haƙuri, ba a rasa shi ba. Sai wata yarinya can gefen bango, wadda malamar ta ce ba ta cika magana ba, ta ce, "Malama, ni dai uwar nake gani." Malama ta ce, "A ina kika gani?" Yarinyar ta karɓi littafin, ta yi ta buɗe shafuka da yatsa mai kaushin sanyi, ta nuna inda uwar Umar ta bar gida neman ɗanta, da inda aka yaudare ta ita ma ta faɗa hannun masu sayar da bayi, da haɗuwarsu a Tarabulus, inda ba ta daɗe ba ta rasu. Ta ce, "Shi ya samu wanda ya riƙe shi kamar ɗa, har ya zama malami. Ita ce ta sha wahalar." Ajin ya yi tsit.

Wannan amsa ba ta cikin takardar jagorar ba da maki da malamar ke riƙe da ita, kuma ta kawo mana maganar a taron wata. An kai ruwa rana. Masu cewa a bi jagora suna da hujja, domin yaran nan jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, ke jiransu a ƙarshen aji uku, kuma mai dubawa a can ba zai zauna sauraron bayanin kowa ba. Ni ina cikin masu ganin yarinyar ta fi waɗanda suka ce bauta karanta littafin, ko da yake amsarsu ba kuskure ba ce. Matsayar da aka cimma ita ce a koya musu babban jigo da ƙananan jigogi, kuma a gwaje-gwajen cikin zango a ba hujja maki fiye da kalmar da aka rubuta. Har yanzu akwai waɗanda ba su gamsu ba, kuma na rubuta hakan a littafin taro kamar yadda suka nema.

Magana Jari Ce ya zo da tasa matsalar. Littafin Abubakar Imam ne, ya fara fitowa a 1937, labaransa gajeru ne, yara na son su, amma da yawa taken nasu karin magana ne. Yaro na ganin "Banza ta kori wofi" sai ya ɗauka an gama masa aiki. Wata malama ta riƙa rufe taken da takarda, a karanta labarin, kowane rukuni ya raɗa masa suna, sannan a buɗe a gwada. Wannan ya yi kyau ƙwarai a aji ɗaya. A aji uku kuwa Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ne ya fi tayar da ƙura, domin aji kan rabu biyu, masu ɗora laifi kan mai kuɗin da ya ƙwace wa tauraron labarin, Abubakar, budurwa, da masu cewa ramuwar gayyar Abubakar ce ta rusa kowa. Wannan littafi da Shaihu Umar da Ruwan Bagaja duk cikin rukunin farko suke, waɗanda suka fito daga Zariya bayan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, kuma ga shi har yau suna sa yara musu har a manta an buga ƙararrawa.

Batun labaran da yara ke karantawa a wayoyin yayyensu bai samu matsaya ba. Wasu na ganin a shigo da zaɓaɓɓun gajerun labarai na zamani, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta, tunda rayuwar da ke ciki ita yaran suka sani. Wasu na tsoron abin da iyaye za su ce. An bar wa kwamitin littattafai ya tace ya kawo shawara.

Abin da bai yiwu ba: muhawarar da aka shirya tsakanin makarantu a zango na uku ta ci karo da jadawalin jarrabawa, ga kuɗin mota. Ziyararmu ba ta kai makarantun karkara yadda aka so ba, kuma can ne aka fi buƙata, domin akwai inda malamin wani fanni ne aka ce ya riƙe Hausa tunda ai Bahaushe ne. Wasiƙar neman littattafai da muka kai wani ofishi tun farkon shekara, an ce mana tana kan tebur. Kwafin da aka samu, membobi ne da wasu iyaye suka saya, Allah ya saka musu da alheri.

Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi daban. Ya dai roƙe ni in tuna wa masu bashin kuɗin wata cewa sunayensu na nan a ajiye. Muna addu'a ga 'yan'uwa da iyalan membobi da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar, Allah ya jiƙansu da rahama.

Taro na gaba Asabar ta biyu ce bayan komawa hutu, a inda aka saba. Kowa ya zo da takardun gwaji na yara uku daga ajinsa, na mai ƙoƙari, na matsakaici da na wanda ke baya, a rufe sunayensu. Da su za mu gwada sabon tsarin ba da makin.

Wassalam.

Magatakardan ƙungiya