Godiya ga bankin Standard Chartered da ma'aikatansa

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne mai shigo da yadi daga China, kuma wallahi na ga ya dace in fito fili in gode wa bankin Standard Chartered, musamman ma'aikatan reshensu na Abuja da suka tsaya min tsayin daka kan takardun Form M, wato takardun neman izinin shigo da kaya, da biyan kuɗin kaya har kwantena ta taso, ba a yi ta ce min je ka dawo gobe ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutumin da muke hulɗa da shi a Guangzhou, da ya ji sunan bankin nan take hankalinsa ya kwanta ya ce a ci gaba da loda kaya, to ai dole, banki ne da ya buɗe reshe a Shanghai tun 1858, kuma har yau yana cikin bankuna uku da ke fitar da takardun kuɗin Hong Kong. Asalinsa bankuna biyu ne, Chartered da aka kafa a 1853 zamanin Sarauniya Victoria don kasuwancin Indiya da China, sai Standard da ya faro a 1862 don harkar Afirka ta Kudu, suka haɗe a 1969. Hedikwata tana Landan amma kusan duk cinikinsu a Asiya da Afirka da ƙasashen Larabawa yake, a ƙasashe sama da 50.

Mu ma nan ba baƙi ba ne. Standard ɗin ne ya haɗe da Bank of West Africa a 1965, wanda daga baya ya koma First Bank da kakanninmu suka sani, sannan suka dawo Najeriya da sunansu a 1999. Yaran shago kuwa ba ruwansu da duk wannan tarihi, su dai a gaban rigar Liverpool suka san sunan, tun 2010 yake manne a wurin, ni ɗan Arsenal ne amma na yafe musu wannan.

Ga ku ma'aikata, maza da mata, da kuka riƙa ɗaga waya ko bayan an tashi aiki kuna min bayani dalla-dalla ba tare da ƙosawa ba, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma, ya raya muku zuri'a. Roƙona ɗaya, ku ƙara matsowa kusa da 'yan kasuwar Arewa don muna da yawa masu buƙatar irin wannan aiki.

Naku,
Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Kano