Wasiƙa zuwa ga Maman Abba a kan gaisuwar yara

Yakasai, cikin birnin Kano
8 ga Shawwal

Assalamu alaikum, Maman Abba.

Da fatan kun tashi lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar nan da ba ta rabo da tsami. Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali daga nan zuwa Hotoro ba wata tafiya ba ce a adaidaita sahu. To kin san tsakanina da ke. Ke ce ta fari, ko sunanki ban taɓa kamawa ba, kuma doguwar magana nauyi take yi mini in muna zaune ido da ido. Shi ya sa na sa autanku ya nemo mini biro da takarda.

Maganar washegarin Sallah ce ta tsaya mini a rai. Kina tsakar gida kina zuba wa yara miya lokacin da Iya ta makwabta ta shigo, tana dogara sandarta. Matar nan ita ta yi mini wankan jegonki, ita ta goya ki ranar da na fara komawa aiki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana washe baki tana cewa, "Ina angon nawa? Ina kishiyar tawa?" Abba yana kan tabarma da wayarki a hannu. Bai ɗago ba. Hannun hagu kawai ya ɗaga mata, kamar mai tsayar da mota. Ummi kuwa ta ruga ta cusa kanta cikin mayafinki, da Iya ta miƙo hannu sai ta maƙale kafaɗa. Na ga yadda fuskarki ta canza. Kika fizge wayar, kika dungure wa Abba kai, kika ce, "Ku wane irin yara ne? Kullum sai kun ba ni kunya!" Yaron ya durƙusa yana hawaye, ya ce "ina wuni" da murya kamar ta wanda aka aika karɓo bashi. Iya ta ce a bar su, ai yara ne, ta kwance bakin zaninta ta ba su goron Sallah. Ban ce komai ba a lokacin, don ba a gyara uwa a gaban 'ya'yanta.

Abin da nake so ki gane shi ne, laifin ranar nan kaɗan ne na yaran. Kin tambaye su abin da ba a ba su ajiya ba.

Ki tuna gidan da kika tashi. Kafin ki kai bakin rijiya da safe, sai kin wuce ɗakin kakarku, da na Gwaggo, da sashen Baffa, kowanne sai kin rusuna. Ki fito soro, Malam na zaune kan buzu da abokan hirarsa. Ki fita lungu, ga mai ƙosai, ga mai shayi, ga tsofaffin da ke kan dakali. Kafin ki isa makarantar allo kin gaida mutum ya fi goma, ba tare da kowa ya zaunar da ke ya ce yau darasin gaisuwa za a yi ba. Da magariba in miƙa miki kwanon tuwo in ce kai gidan wance, ki ce ina gaishe ta, yaya mai jiki. A wannan aiken kika koyi sallama daga bakin soro, da jira a amsa, da cire takalmi, da isar da saƙo ba ragi ba ƙari, da dawo da amsa. Su Abba fa? Daga falo sai mota, daga mota sai aji, a dawo a rufe get. In ana son maggi a aiki mai aiki. Wa suke gani da za su gaisar?

Ban ce ki buɗe ƙofa ki sake su ba. Na san abin da ya sa iyaye suka ƙara riƙe yara, musamman tun 2019 da aka gano yaran nan da aka sace daga Kano a can jihar Anambra. Tsoronki yana kan hanya. Sai dai abin da lungu ya yi miki kyauta, yanzu ke za ki yi wa naki da hannunki.

Ki fara daga cikin ɗaki. Yaron da bai saba gaida uwarsa da ubansa da safe ba, ba ranar Sallah zai fara da baƙuwa ba. In sun tashi, kafin shayi, kafin talabijin, su zo su ce ina kwana. Ke kuma ki ajiye abin da ke hannunki ki amsa da kyau: "Lafiya lau, Abba, ka tashi lafiya? Allah ya yi albarka." Wannan amsar ita ce rabin aikin. Na sha ganin manya yaro ya durƙusa yana gaishe su, su ce "uhm" idonsu na kan waya, gobe kuma su ne masu cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 86, in an gaishe ku ku amsa da wadda ta fi ta kyau ko ku mayar da irinta, kuma bai ware gaisuwar yaro ba. Kowa ya haddace hadisin da ya ce ƙarami ne ke yi wa babba sallama, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa. Amma ba a cika tuna cewa Anas ɗan Malik ya wuce yara ya yi musu sallama, ya ce haka Annabi (SAW) yake yi ba. Har ƙanin Anas ɗin, ɗan ƙaramin yaro mai wasa da tsuntsu, Annabi yakan kira shi da alkunya, Abu Umair, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa. Yaron da aka saba kulawa haka, bakinsa ba ya nauyi a gaban mutane.

Sannan ki duba wa suke ganin kina gaisarwa. Ranar da na kwana biyu a gidanki, na lura in za mu fita maigadinku yana cewa a dawo lafiya, gilas a rufe, ba mai amsa masa. Mutumin nan ya yi jika da ke. In Abba ya ga ana durƙusa wa Alhaji mai babbar riga ana wuce maigadi da ɗan ga-ruwa, to ya koyi cewa gaisuwa ta masu kuɗi ce, kuma wannan ya fi rashin gaisuwar muni. Ki sauke gilas ki ce, "Baba, ina kwana, ya aiki?" Kwana uku za ki ji su suna rige ki.

Ummi kuma dabam ce, kada ki haɗa ta da yayanta. Ƙiwa ce, shekararta huɗu. Ke ma kin yi, har kin fi ta. Na taɓa kai ki suna a Gwammaja, kika ƙi kowa, kika shige ƙarƙashin gado. Don kunya na jawo ki na zane ki a gaban mata. Da muka dawo kakarku ta kira ni ɗaki ta ce, "Yau kin koya mata cewa in an ga baƙi duka ake sha." Wallahi kusan shekara kika yi, da kin ji sallamar baƙuwar murya sai ki ɓuya. Ita ce ta gyara ki a hankali. Takan ɗora ki a cinya in an zo gaishe ta, ta ci gaba da hirarta, ba ta ce miki komai, har ki gaji da leƙe ki sauko da kanki. Haka za ki yi wa Ummi. In ta noƙe, ki ce wa baƙuwar, "Sai ta ɗan saba," ki bar zancen. Kada ki riƙa cewa "ai ita ba ta son mutane" tana ji, don yaro rigar da aka ɗinka masa da baki ita yake sawa. Kuma kada ki tilasta mata zama a cinyar wanda ba ta so. Gaisuwa dole ce, runguma ba dole ba ce.

In za ku je wani gida, tun a mota ki shirya su. "Gidan Kawu za mu, ƙanina ne. Akwai tsohuwa a ɗakin farko, ita za a fara gaisarwa. Ba ta da lafiya, sai ku ce ya jiki." Yanzu kowa ya koma Anti da Ankul, har yaro bai san wa ya haɗa da ubansa, wa ya haɗa da uwarsa ba. Ki faɗa musu Baffa ɗan'uwan uba ne, Gwaggo 'yar'uwarsa, Kawu na ɓangaren uwa. Abba ya isa ya san kowace gaisuwa da mazauninta: gidan haihuwa barka, Allah ya raya, gidan rasuwa ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, wanda aka tarar yana aiki sannu da aiki, malami Allah ya gafarta Malam. Ya san babba ba a ce masa "ka tashi lafiya", sai "an tashi lafiya", kuma ba ya fara miƙa wa babba hannu sai an miƙo masa, ya karɓa da dama. In ya ƙwanƙwasa ƙofa aka ce wane ne, ya faɗi sunansa. Jabir ya taɓa amsa wa Annabi da "ni ne", Annabi ya maimaita "ni ne, ni ne" alamar bai so ba. Sallama kuma sau uku ce, in ba a amsa ba a juya.

Na san maigidanki yana da magana a kan durƙuso, yana ganin kada ya yi kama da ruku'u. Ba zan shiga tsakaninsa da malamansa ba. Yaro ya tsaya cak, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya rage tsawo, ya sassauta murya, wannan ya ishe ni. Abin da ba na so shi ne gaisuwar tafe, wadda ake jefa wa mutum ta bayan kafaɗa. Akwai kuma batun ido. A makarantarsu ana ce musu su kalli mai magana cikin ido, mu kuma a nan yaron da ya tsare babba da ido sai a ce fitsararre ne. Ki nuna masa duka biyun da inda kowanne yake aiki, ba zai ruɗe ba. Kin tuna makwabtanmu Yarabawa masu shago a Sabon Gari, yadda 'ya'yansu maza ke kwanciya ƙasa su gaida ubansu, amma in sun shigo nan su tsuguna irin tamu?

Da sa'anninsa abin ya fi sauƙi. In an kawo sabon yaro Islamiyya, shi ya fara zuwa, ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya tambayi nasa, ya matsa masa a benci. Wanda ba Musulmi ba ma yana da sannu da ina kwana. Sai dai ki ja masa layi sarai: gaida mutum dabam, bin sa dabam. Ya gaida kowa, amma ba ya karɓar alawa a hannun wanda bai sani ba, ba ya shiga mota ko adaidaita don an ce Mama ce ta aiko.

Abba yana son dawakai, na ga hotunan da ya cika wayarki da su. Ki ba shi labarin shekarun da mahaifinku ke saɓa ki a wuya ku je kallon Hawan Daushe zamanin Sarki Ado Bayero. Ki tambaye shi ko ya san ina duk wannan ayarin yake dosa, da 'yan lifida da 'yan bindiga da masu algaita. Babban Ɗaki ake zuwa, a Gwangwazo, don sarki ya gaida mahaifiyarsa. Ki bar shi ya juya wannan a ransa.

Ranar Juma'a in an taso daga makaranta ki kawo mini su su wuni, wayar kuma ta zauna a jakarki. Zan yi dambu, in zuba a kwano in ba Abba ya kai wa Iya, ni ina tsaye a bakin soro ina hango shi, gida uku ne tsakani. Ummi in ta ga dama ta bi shi, in ba ta ga dama ba ta zauna ta taya ni tsince zogale. Ki haɗo da kular da kika tafi da ita ranar Sallah.

Ki gaida maigidan. Allah ya yi muku albarka, ya shirya mana zuri'a.

Mahaifiyarki.