Abin da Na Gani a Gidanka

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na iso gida lafiya, amma hankalina yana gidanka. Abin da na kasa faɗa maka a gaban yara shi zan rubuta.

Ranar Laraba muna zaune da matarka tana tsince shinkafa, muna hira har da dariya. Tana jin ƙarar babur ɗinka a ƙofar gida farantin ya suɓuce mata. Ta durƙusa tana kwashewa, hannunta na rawa, tana ta ba ni haƙuri, ni da ba ta yi wa komai ba. Da dare kuma ina jin motsinta a tsakar gida har aka kira assalatu. Ba ta kawo mini ƙararka ba, kada ka tuhume ta. Idona ne ya gani.

Na san wannan firgitar. Innarka 'yar'uwata, Allah ya jiƙanta, haka ta fara. Kumburin fuska kwana uku ya saɓe, amma barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, ta daina shiga biki da suna, magana ma sai an yi da gaske. Muka ce iska ce, muka yi ta hayaƙi da rubutu, muna cewa ta yi haƙuri, zaman aure ya gaji haka. Sai da aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya tambaya ko ana dukanta. Muka yi tsuru-tsuru. Har gobe haƙurin nan da na riƙa ba ta yana ci mini rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da mijinta ke cin zarafinta ta kusa ninka sauran mata haɗarin kamuwa da wannan ciwo. Kuma kada ka ce ai mari ɗaya ne. Zagi a gaban yara, gorin cefane, hana ta zuwa gidansu, duk suna cinye mace a tsaye. Dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafi ma ta sa zagi da muzantawa cikin laifuka. Kai da ka yi Islamiyya, ka san Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba.

Ranar Asabar ka kawo mini ita da yaran, ta yi sati biyu a ɗakina ta samu barci. Ni zan kai ta wurin likita. Kai kuma ka dawo ranar Lahadi, kawunka zai zo, mu zauna mu uku.

Mahaifiyarka.