Hanyar keke a daji ba a auna ta da kilomita kawai

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na karanta ɗan rubutun da kuka sa a shafin wasanni kan masu hawa keken tsakuwa, wato keken nan da ake bin hanyar burji da ta daji da shi, naji daɗi ƙwarai don ba kullum ake tunawa damu ba, ƙwallo ce dai ke cinye shafin tun daga sama har ƙasa. Sai dai akwai wuri ɗaya da zan ɗan ja da marubucin, inda yace wai mutum ya buɗe manhaja a waya ya zana hanyar kilomita 50 ko 60 ya kama gabansa kawai. Wallahi irin wannan shawarar ce ta taɓa sa ni saɓa keke a kafaɗa, shi yasa na kasa yin shiru.

Ga wanda bai san keken ba, kamarsa ɗaya da keken tsere na kwalta, kansa a lanƙwashe ƙasa, amma tayarsa ta fi faɗi, yawanci milimita 38 zuwa 45 wasu har 50, ga birkin faifai, sannan an bar sarari tsakanin taya da ƙarfen keken saboda laka. Iska ma ba a cika ta tam, mai keken kwalta zai buga 80 ko fiye a ma'aunin famfo, mu kuwa 30 zuwa 40 ta ishe mu, in ka cika ta da yawa a gargada haƙoranka zasu gaya maka.

To ranar da nake magana, na zauna da daddare na zana hanyata a waya, layi ne shuɗi mai kyau, rabinsa cikin itatuwa rabi a fili tsakanin gonaki, na lissafa nace awa uku na gama tunda a kwalta haka nake yi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ni ko a jikina, tunda titi ya bushe ƙarau. Abinda ban yi tunani ba shi ne cikin daji rana bata kaiwa ƙasa, wurin da fili ya bushe a yini guda ƙarƙashin inuwa sai ya kwana uku da danshi. Ban yi kilomita goma ba na faɗa wani kwari mai yumɓu, tayar gaba ta dinga naɗo laka kamar ana shafa mata, tana kauri tana kauri har ta cike sararin nan ta ƙame, feda taƙi juyawa, sarƙa ta koma ja jawur. Na sauka na samo ɗan kara na kankare, na hau, ban yi tafiyar minti ɗaya ba ta sake cikewa. Ƙarshe dai na saɓa shi a kafaɗa, keken da nake ɗagawa da hannu ɗaya a gida ya koma kamar an ɗaura masa dutse, takalmina ma kowanne ya yi nasa rawanin.

Kuma ba lakar ce kaɗai ba, daji yana da nasa halin. Saiwar itace in ta jiƙe santsi gareta kamar sabulu, in ka zo mata a karkace sai dai kaji ka a ƙasa, dole ka fuskance ta kai tsaye ka saki birki kafin taya ta taɓa ta. Ganyen da ya zuba yana rufe rami. Hasken ma wasa yake da ido, nan inuwa nan rana, kafin idonka ya saba ka riga ka taka abinda baka gani ba. Ga sabis ɗin waya da ke ɗaukewa daidai inda hanya ta rabu uku, wanda bai sauke taswirar a wayarsa tun daga gida ba sai ya tsaya yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Da na fito fili nace alhamdulillahi an wuce wurin, ashe da sauran rina a kaba. A fili babu abinda zai tare maka iska, tana bugo ka ta gaba kana taka feda da ƙarfinka duka amma kamar ana riƙe maka sirdi ta baya, babu inuwa ko ta zama ɗaya, ruwan da na ɗauko na awa uku ya ƙare tun ina rabin hanya, ga wuraren rairayi da tayar gaba ke nutsewa ta dinga lilo, dabarar dai ka koma baya a sirdi ka sassauta riƙon kai ka ci gaba da takawa, kana tsayawa shikenan ka sauka. Awa ukun nan sai da ta zama kusan bakwai.

Kada a ce rashin ƙwarewata ce kawai. Babbar gasar wannan keken ita ce Unbound Gravel da ake yi a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, mil 200 wato kusan kilomita 320, an fara ta a 2006 da mutum 34 kacal yanzu kuwa dubbai ke zuwa. A 2023 ruwa ya sauka kafin gasar, tun wajen mil na 11 laka ta tsayar da mutane har da ƙwararrun da wannan ne sana'arsu, suka dinga turawa suna ɗauka suna kankarewa da 'yan sanduna. In kuma ba laka, duwatsun yankin masu kaifi ne, suna yanka gefen taya. Ka kwatanta da gasar duniya ta farko ta wannan keken da UCI, wato hukumar tseren keke ta duniya, ta shirya a 2022 a yankin Veneto na Italiya, wadda Gianni Vermeersch ɗan Beljiyam ya lashe a kan keken kwalta da aka sa wa taya mai ɗan faɗi, saboda hanyar bata da tsanani. Dukansu fa sunansu hanyar tsakuwa, amma ka ga bambancin ƙasar da ake takawa.

Wani abin da manhaja bata faɗa maka shi ne hanyar ta wa ce. Layin da ka gani a taswira wani lokaci gefen gonar mutum ne, ko hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Na sha ganin 'yan uwanmu masu keke sun ratsa cikin shuka don kawai wayar tace nan ne, ko su shigo garke da gudu dabbobi su watse, sannan gobe in an toshe hanyar da ƙaya su fara ƙorafi. In ka ga dabbobi ka rage gudu tun daga nesa ka yi magana su ji muryar mutum, in ka tarar da ƙofar shinge ka barta yadda ka same ta, in ka ga mai gona ka gaishe shi ka tambaye shi gaba, ranar nan ma wani dattijo ne da na tarar yana gyaran shinge ya kalli keken ya kalle ni yace in bi ta tudu, don kwarin da ke gabana ya fi wanda na baro.

Saboda haka roƙona Malam Edita, in zaku sake kawo wata hanya a shafin, a daure a faɗa mana irin ƙasarta, ina ne yumɓu ina ne rairayi ina ne dutse, nawa ne a inuwa nawa a fili, ina ake samun ruwan sha, kuma a wane lokaci na shekara wanda ya rubuta ya bi ta. In babu wuri a shafin a rage hoton, mun san kamannin keke. Ni dai yanzu ban fita sai da tub biyu ko da tayata marar tub ce mai ruwan gam a ciki da ke toshe huji, da famfo, da goran ruwa na uku, da wani ɗan katako siriri da na ɗaure a ƙarƙashin sirdi na kankare laka, abokan hawana suna ta yi min dariya a kansa har ranar da biyu daga cikinsu suka ara.

Na gode da wannan fili.

Naka,
wani mai karanta jaridarku kuma mahayin keke