Wasiƙa zuwa ga 'yata kan makin kemistiri

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na ga hoton sakamakon da kika turo. Na kuma ga yadda kika zagaye 64 na kemistiri da jan biro har takardar ta kusa hujewa, kika bar 83 na adabi ba ki ko kula shi ba. Mahaifiyarki ta ce kin gaya mata za ki haƙura da karatun likita. Maganar ta hana ni barci, shi ya sa na rubuto miki.

Kada ki ɗora makin darussa biyu a sikeli ɗaya. Tambayoyin daban, masu gyaran takarda daban, waɗanda suka zauna jarrabawar ma daban. Misali, a Amurka an daɗe ana yin jarrabawar SAT ta darasi-darasi don neman shiga jami'a, kafin College Board, hukumar da ke shirya ta, ta soke ta a 2021. A lokacin, kowane darasi makinsa daga 200 ne zuwa 800. A lissafi mataki na biyu, kusan ɗaya cikin biyar yakan cinye 800 ɗin cif. A adabi kuwa da ƙyar a sami ɗaya cikin ɗari. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, masu zaɓen wannan lissafin galibi dama gwanayensa ne. To kin ga mai 750 a adabi ya tsere wa 'yan'uwansa nesa ba kusa ba, mai 750 a lissafi kuwa akwai jama'a da yawa a gabansa.

Ki je wurin malamarki ta kemistiri ki tambaye ta abu biyu: nawa ne matsakaicin maki a bana, kuma cikin kowane ɗari, mutum nawa ne ke ƙasa da 64? In yawancinsu a hamsin da 'yan kai suka tsaya, ke ce a sahun gaba, kuka kuma bai kama ki ba.

Amma ba zan ɓoye miki gaskiya ba. Tsangayar likitanci kemistiri da bayoloji take fara dubawa, adabi ba zai cike giɓinsu ba komai kyawunsa. In ta tabbata makinki bai kai abin da suke nema ba, sai ki sake zama, ni kuma zan tsaya miki har ki samu.

Ranar Asabar zan kira ki bayan la'asar. Ki rubuta abin da malamar ta ce, mu duba tare.

Mahaifinki.